Zuwa ga Shugabannin Jami'o'in Arewa: Baƙon Ɗalibai Ma Baƙonku Ne

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku barka da fama da jama'a. Allah ya taya ku riƙo.

Ni ƙaramin malami ne a tsangayar aikin gona ta ɗaya daga cikin jami'o'in da ke hannunku. Ba zan ambaci sunanta ba. Da farko dai ina da iyali, ba na marmarin takardar tuhuma. Na biyu kuma, duk abokin aikin da na ba wannan labari a wata jami'a sai ya yi dariya ya ce kamar a gidansu aka yi. Shekara uku ke nan da ɗaliban sashenmu suka naɗa ni uban ƙungiyarsu, muƙamin da babu ko sisi a cikinsa sai sa hannu da yawon ofisoshi. Da wannan hular nake rubuto muku, a kan wani baƙo da ɗalibaina suka gayyato bara, wanda saura ƙiris mu kunyata shi.

Abin ya samo asali ne a aji. Ina koyar da darasin kwararowar hamada, sai na kawo misalin abin da manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka yi a Nijar, wanda suke kira sassabin zamani. Tun wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a Maraɗi suna ta mutuwa, ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona toho ne na kututturan manyan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu kuwa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe uku ko biyar masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a riƙa kula. Shi ke nan. Manoma suka karɓa, wani ya koya wa wani, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da ƙasa mai faɗin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da gandun renon itace ko tankar ban ruwa ba. Mu kuwa a nan jihohi 11 gare mu da aka ce su ne a bakin hamada, muna da hukuma guda ta katangar itatuwa, kuma kowace damina akan ga babban mutum ya durƙusa da shebur a gaban kyamara ya dasa itace ɗaya, kafin sati awaki sun gama da shi.

Ina cikin wannan bayani wata ɗaliba ta ɗaga hannu. Ta ce kawunta na wajen uwa yana wani ƙauye bayan Maraɗi, kuma shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan aiki, har daga wasu garuruwa ake zuwa ganin gonarsa. Wani daga baya ya ce, "To Malam, me zai hana mu kawo shi mu ji daga bakinsa?" Na ce babu abin da zai hana. Ashe ban san gidan da nake aiki ba.

Mun rubuta takardar neman izini wata biyu da rabi kafin ranar da muka tsayar, don muna so ya zo lokacin sharar gona, kafin ruwa ya sauka. Shugaban sashe ya sa hannu a ranar, Allah ya saka masa. Ofishin shugaban tsangaya ta kwana shida. Da ta isa sashen kula da harkokin ɗalibai sai aka miƙo mana fom. A cikinsa akwai gurbin digirorin baƙo, da gurbin ma'aikatar da yake aiki da matakinsa, sannan a ƙasa an ce a haɗo da rubutaccen jawabinsa kwafi uku. Mutumin nan karatun allo ya yi, yana rubuta wasiƙa da ajami, bai taɓa zama a benci ba. Na yi wa ma'aikacin bayani. Ya juya fom ɗin gaba da baya, ya ce, "To Malam, ni me zan ce wa oga? Ba a barin gurbi fanko." Na karɓi biro na rubuta a gurbin digiri: gona, shekara talatin. Bayan kwana huɗu takarda ta dawo da jan biro, wai a cike yadda ya kamata.

Daga nan aka ce tunda baƙon ba ɗan ƙasa ba ne sai ofishin tsaro ya gani. Ofishin tsaro suka ce su ba su da ta cewa sai magatakarda ya rubuto musu. Ofishin magatakarda suka tura mu ofishin hulɗa da ƙasashen waje. Can kuma wata baiwar Allah ta tarbe mu da fara'a, ta ce su aikinsu yarjejeniya tsakanin jami'a da jami'a, shi wannan daga wace jami'a yake? Shugaban ƙungiyar ɗaliban, yaro ɗan aji uku, ya rasa lacca nawa ne yana bin fayil daga bene zuwa bene. Kullum amsar ɗaya ce: oga ya fita, oga yana mitin, a dawo gobe. Mako bakwai muka yi a haka.

Ranku ya daɗe, abin da ya fi ci mini rai a cikin makonnin nan bakwai shi ne babu mutum ɗaya da ya ce mana a'a. Da an ce a'a da mun san inda muka dosa: ko mu roƙa, ko mu gyara, ko mu ba dattijo haƙuri tun da wuri ya ci gaba da aikin gonarsa. Amma kowane tebur gudun ɗaukar nauyi yake yi. Wanda ya sa hannu shi za a nema in wani abu ya faru, wanda ya ajiye fayil a aljihun tebur kuwa babu mai tambayarsa. Ta haka ake kashe yawancin tarukan ɗalibai a jami'o'inmu, ranar taro ta zo ta wuce takarda tana kwance, kuma in an tambaya kowa ya rantse cewa shi bai hana ba.

Na san tsoronku, kuma ba zan ce na banza ne ba. Duk wanda ya yi wayo a Arewa ya san abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987. Daga wa'azin baƙon da wata ƙungiyar ɗalibai ta gayyato aka fara cacar baki, aka koma doke-doke, kafin kwana kaɗan wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka yi asarar rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Ba mu manta da harin da aka kai wa masu ibada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero a watan Afrilun 2012 ba. Ga 'yan siyasa, waɗanda in zaɓe ya ƙarato kowannensu ke neman ƙungiyar ɗalibai da za ta ba shi lambar yabo da lasifika, ya shigo da motocin 'yan banga. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ni kaina da an ɗora ni a kujerarku zan so in san wane ne zai shigo, me zai faɗa, wa ya ɗauki nauyinsa. Tantance baƙo haƙƙinku ne.

Sai dai tantancewa aiki ne da ake farawa a gama. Sanin ko manomi daga Maraɗi zai tayar da fitina bai wuce kiran waya biyu ba. Abin da ake yi yanzu kuwa bai tace kowa ba. Mai uwa a gindin murhu, wanda zai iya kiran ɗayanku kai tsaye, a rana ɗaya ake buɗe masa babban ɗakin taro ko da kuwa shi ne abin tsoron. Marar kowa shi ke tsufa a layi. Kuma masu maganar da kuke gudu ai sun daɗe da shigowa. Suna cikin wayar kowane ɗalibi, a TikTok da Facebook da WhatsApp, suna yi masa lacca har cikin ɗakin kwana da tsakar dare, babu fom, babu shugaban taro, babu mai ɗaga hannu ya ce ban yarda ba. Ɗakin lacca ne kaɗai wurin da ya rage inda mai magana zai tsaya a gaban mutane ɗari biyu a yi masa tambayar da ba ya so, ya amsa ko ya ji kunya. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin karɓar ra'ayi da bayanai, ba faɗa kaɗai ba, kuma ban san inda ya fi cancanta a ga wannan a aikace ba kamar jami'a.

Maganar digiri kuma, ku bar ni in tuna muku abin da kuka fi ni sani. A watan Mayun 1964 Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata na Amurka, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, ɗakin taro ya cika maƙil, har ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Mutumin nan ko sakandare bai gama ba. Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, kuma har gobe ana samun digiri na uku a kan waƙoƙinsa. Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan shuka masu tara ruwa da taki, waɗanda ake kira "zai", a ƙeƙasasshiyar ƙasa, an kai shi manyan tarukan duniya ya yi magana, kuma a 2018 ya karɓi lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood a shekara ɗaya da Rinaudo. Da ɗalibaina ne suka gayyato ɗaya daga cikin mutanen nan uku, da takardarsa ta dawo da jan biro.

Izini ya fito ranar Alhamis da la'asar, taro kuwa Asabar ne. Shi ma don wani babban farfesa ya gan ni a masallaci fuskata ba daɗi, ya tambaya, na faɗa masa, ya ɗaga waya. Na gode masa har yanzu, amma abin da sai an dace da farfesa a sahu kafin ya yiwu ba tsari ba ne.

Sauran wahalhalun zan taƙaita. Ofishin ma'aji suka ce ba za su iya ba da kuɗin mota ba sai baƙo ya kawo lambar asusunsa na bankin Najeriya, don komai ta asusun bai-ɗaya yake bi. Kuɗin hayar ɗakin taro kuwa mun biya ta Remita, hanyar biyan kuɗi zuwa asusun gwamnati, tun da wuri, shi bai sha wahalar shiga ba. Ɗalibai suka yi karo-karo, naira ɗari biyar ɗari biyar, a lokacin da cire tallafin mai ya sa wasunsu ke takowa a ƙafa daga cikin gari. Muka kai wa 'yan canji suka mayar mana sefa. Masaukin baƙi na jami'a aka ce ya cika, don haka a ɗakin ƙofar gidana ya kwana, maiɗakina ta yi masa tuwon dawa miyar kuka. Daren Juma'a aka sanar da mu cewa ɗakin taron da muka biya an ba wasu masu bita daga waje, a yi haƙuri a koma aji mai lamba kaza, wanda fankokinsa biyu ne ke juyawa.

Da safe muka iso ƙofar jami'a. Dattijo ne siriri, ya haura sittin, da farar riga wankakkiya da rawani, ya rataya jakar buhu. Mai gadi ya leƙa jakar sai ya ja da baya. Adda ce a ciki da ƙaramin gatari. Ya ce ba a shiga da makami. Dattijon ya dube ni ya ce, "Mushe, ka ce in zo in gwada ma yara aiki. Da mi za ni gwada musu?" Mushe yake kirana, yadda suke kiran malamin boko a can. Mai gadin yana kan gaskiyarsa, ban ga laifinsa ba, don babu wanda ya sanar da shi zuwanmu duk da fayil ɗinmu ya yi kwanaki a ofishinsu. Da ƙyar aka yarda in sa hannu in riƙe jakar da kaina.

An sa taro ƙarfe goma. Ɗalibai sun cika aji tun tara da rabi, wasu a taga. Wakilin babban baƙo na musamman bai iso ba sai sha biyu saura, kuma ba a fara taro kafin manya su zauna. Da aka fara, mai gabatarwa ya bi manyan teburi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, kowane ya tashi ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Na duba agogo lokacin da aka miƙa wa baƙonmu lasifika: saura minti ashirin a kira azahar. Bai yi minti biyar ba aka ɗauke wuta. Manyan suka duba wayoyinsu, suka ce suna da wani zaman, suka fice.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ajiye lasifikar ya ce dama shi bai iya magana da ƙarfe a baki ba, in da fili a kusa a fita. Bayan an yi salla muka bi shi, mu wajen ɗari, zuwa bayan gonar gwaji ta tsangaya, wani fako da nake wucewa kullum ban taɓa yi masa kallo biyu ba. Ya yi 'yan taku ya tsaya a kan wani cunkuson sabara da bai kai gwiwa ba. Ya tambayi ɗalibai mene ne wannan. Suka ce ciyawa ce, wani ya ce daji. Ya durƙusa ya tone gindin da hannu, sai ga baƙin kututture mai kaurin cinya. Ya ce wannan ya girmi duk wanda ke nan in ban da shi. Ya ƙirga tohon, sha bakwai. Ya kama ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa, yana faɗin dalilin da ya sa wannan zai tafi wannan zai zauna: wannan ya karkace, wannan tsutsa ta ci shi, wannan ya fito daga gefe iska za ta ɓalle shi. Ya bar huɗu. Sannan ya nuna yadda ake sara, daga ƙasa zuwa sama, da kaifin adda, don kada ɓawon ya yage ruwa ya shiga. Ya miƙa wa wata ɗaliba addar ya ce ta yi na gaba. Ta sara daga sama, ɓawon ya tsage. Ya ce, "Kin gani? Kin yi mishi rauni. Sake."

Awa biyu ya yi a cikin ranar nan babu wanda ya tafi. Ya nuna musu kalgo da aduwa da magarya duk a filin da muke cewa babu komai. Ya yi bayanin gawo, yadda yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Wannan yana cikin littattafanmu, amma bai taɓa zama a kan ɗalibaina ba sai ran nan. Wani ɗalibi mai kaifin baki ya tambaye shi, in ka bar itace a gona makiyaya da masu saran itacen girki suka zo da dare fa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce wannan ita ce tambayar, sauran duk wasa ne. Ya ba da labarin yadda ƙauyensu suka yi shekaru suna rigima kafin su kafa kwamitin tsaron itace da ya haɗa da Fulani da mata, da yadda a da manomi ke tsoron barin itace a gonarsa don kada ma'aikatan gandun daji su ce na gwamnati ne su ci shi tara in ya taɓa. Ya ce dabarar sara ta yini ɗaya ce, amma yarda tsakanin mutane ita ce ta ci musu shekaru. Ni da nake koyar da wannan darasi shekara bakwai, a littafina na rubuta wannan.

To ga roƙona, Allah ya ƙara muku lafiya, kuma babu wanda zai ci kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a ciki. Ku mayar da ƙofar ɗaya. Ƙungiyar ɗalibai mai rajista ta kai takarda ofis guda, shi ofishin ya ji da tsaro da magatakarda da masu ɗakin taro, kada a riƙa aiken yaro ɗan shekara ashirin yawon benaye. Ku sa wa'adi a rubuce, kwana goma na aiki ya isa, a manna shi a allon sanarwa kowa ya gani. In za a hana, a hana a rubuce da dalili da sunan wanda ya hana, a kuma faɗi inda za a ɗaukaka ƙara. In wa'adi ya cika babu amsa, a kan lacca ta ilimi wadda shugaban sashe da uban ƙungiya suka sa wa hannu, a ɗauka an yarda. Wannan na ƙarshen na san zai yi muku nauyi, amma shi ne kaɗai zai sa ajiye fayil ya zama abin da ake tambayar mutum a kansa. Taron siyasa da na addini ku ware musu tasu ƙa'idar mai tsauri in kun ga dama, ba ni da ja.

Fom ɗin nan kuma a sake shi. A tambayi abin da baƙo ya sani da wanda ya tsaya masa. Arewa cike take da maƙera da majema da ungozomomi da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau da tsofaffin malaman gona da alƙalai masu ritaya, waɗanda ke ɗauke da abin da babu shi a laburarenmu, kuma kullum ana binne su da shi. Maraɗi da Damagaram da Yamai duk suna da jami'o'i, kuma daga Katsina Maraɗi ta fi Kaduna kusa, amma ya fi sauƙi mu gayyato mutum daga Ingila da mu gayyato shi daga can. A ware ɗan abin da shugaban tsangaya zai iya bayarwa hannu da hannu a rubuta rasit, don kuɗin mota da ruwan sha. Ɗakin da ɗalibai suka biya kada a sayar wa wani a bayansu. Sannan in jami'a ta amince da baƙo, to ya zama nata: mai gadi ya san da zuwansa, a fara a kan lokaci ko manya sun iso ko ba su iso ba, wanda aka taru dominsa a ba shi lokacinsa.

Da zai tafi na ba shi haƙuri a tasha kan abin da aka yi masa. Ya ce bai ga komai ba, yara sun saurara, shi ke nan. Na ba shi jikka goma na sefa da muka haɗa bayan kuɗin mota, ya zare biyu ya mayar, ya ce a saya wa yaran adda tasu ta kansu. Ya kuma ce a ɗaura wa sabarar nan jan ƙyalle don kada masu sharar fili su sare ta, in Allah ya kai mu zai dawo ya ga yadda ta yi, ya nuna musu sara na biyu.

Ƙyallen yana nan, ɗalibai sun sake shi sau biyu. Reshe huɗun nan yanzu sun kai ƙirjina. Takardar neman izinin dawowarsa kuma mun shigar da ita mako biyar da suka wuce, jiya shugaban ƙungiya ya je dubawa aka ce oga yana mitin.

Wassalam. Naku cikin girmamawa,
Wani malami, uban ƙungiyar ɗalibai a tsangayar aikin gona.